Kararen da Bobboyi Ya Ƙi Binnewa

A Wuro Ɗantani, can bayan Yolde Pate, babu namijin da ke yarda ya miƙe sosai a gaban Bobboyi. Ko a sahun sallah Allah ya haɗa ka kafaɗa da shi, sai ka ɗan ranƙwafa kamar mai ciwon ciki. Mutumin ya fi shekara hamsin yana haƙa kabari, har idonsa ya zama ma'auni. Kana ce masa "Bappa, ina kwana," shi kuwa idonsa zai taso daga hularka ya sauka kan babban yatsan ƙafarka, ya sake hawa, sannan ya amsa. An ce akwai wani malamin makaranta da ya yi wa wannan kallon sau biyu a yini ɗaya. Washegari bawan Allah ya nemi a mayar da shi Girei, wai gara kogi ya raba su.

Shi kansa Bobboyin ba wani abin a zo a gani ba ne. Gajere ne, siriri, in ya jingina da digarsa sai ka duba da kyau kafin ka san wanne ne mutum. Haƙori uku suka rage masa, dukansu na cin goro da faɗa ne.

Maƙabartar da yake tsaro ta girmi garin, kuma wannan labarin ko ba ka tambaya ba sai ya ba ka. Wai wani falke mai kanwa, Ɗantani, ya sauke jakunansa a gindin tsamiyar nan don ya huta, hutun ya zarce. Makiyaya suka tarar da shi, ba su san garinsu ba, ba su san uwa ba su san uba, suka wanke shi suka rufe. Ɗayansu ya kafa bukka kusa don kada kura ta tone, wani ya zo ya kafa tasa, haka gari ya tashi. Bobboyi yakan ce duk mai tinƙaho da asali a garin nan ya tuna cewa baƙo ne ya fara kwanciya, sauran duk 'yan rakiya ne.

Aikinsa yana da ƙa'ida, kuma tun kakansa ba a canza ba. In an yi rasuwa, ana zuwa da karan dawa a gwada mamaci daga kai zuwa ƙafa, a karya daidai tsawonsa, a kawo masa. Da karan nan zai auna ramin ciki. In an sa gawa, a jera fasassun tukwane a kan ramin daga wannan baki zuwa wancan, a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tara tudu. Daga ƙarshe a tura karan cikin tudun a rufe shi. Ba a dawowa da shi gida. Mutanen Wuro Ɗantani sun fi tsoron karan nan fiye da maciji, don maciji dai an san maganinsa.

Akwai kuma gayya. Duk shekara in ruwan fari ya sauka, maza su fito da shebur a tada kaburburan da suka lotsa. Amma kowa nasa yake tadawa. Ka tada na ubanka, na kakanka, na matarka in kun rabu lafiya. Wanda ke gefe ba ruwanka da shi, ko da shebur ɗaya ya rage maka sai ka mayar wa kakanka ƙari. Shekara da shekaru ba wanda ya ga aibin wannan, tunda kowane mamaci yana da masu shi.

Sai shekarar da 'yan Boko Haram suka ci Madagali, suka ci Michika, suka gangaro suka ci Mubi. Mutane suka yi ta kwararowa Yola, wasu a bayan tifa, wasu da ƙafa ta kan duwatsu. Wuro Ɗantani gida arba'in ne, amma a watan nan sai da kowane zaure ya zama ɗakin kwana. Adda, matar Bobboyi, ta sauke tukunyar gida ta ɗora babbar tukunyar suna, ba ta sake sauke ta ba sai bayan wata biyar.

A zauren Bobboyi wani kafinta mutumin Michika ya sauka, sunansa Boaz, da matarsa Zipporah. Dogo ne na ban mamaki, in ya kwanta a zauren ƙafafunsa suna waje kaji na hawa. Kwana tara ya yi yana tafiya da rauni a ƙafa. Ya iso, ya sha kunun Adda na kwana huɗu, a na biyar da hantsi ya cika.

Nan fa aka yi cirko-cirko. Mutumin Kirista ne. Maƙabartarsu tana can Jimeta, mota babu, hanya kuma shinge ne a kan shinge. Dattawa suka zauna a gindin tsamiya suna tattauna ko ya halatta ko bai halatta ba. Aka yi hantsi, aka yi azahar, har wanda bai iya Fatiha daidai ba sai da ya ba da fatawa. Bobboyi ya gaji da saurare. Ya saɓa diga, ya wuce tsamiya, ya shiga gonar gyaɗarsa da ke manne da maƙabartar, gyaɗa saura mako biyu a cire, ya tuge kunya uku ya fara sara.

Gonar ba tasa ba ce. Aro ce daga Malam Nuruddeen, wani dattijo mai filaye da ba ya son yawan magana. Da aka hango shi ya nufi wurin, dattawa suka gyara zama, za a ga rigima. Malam Nuruddeen ya tsaya ya kalli ramin, ya kalli gyaɗar da aka tuge, sai ya naɗe ƙafar wando ya shiga kwaɓa ƙasa. Yana kwaɓawa ya ce, “Bobboyi, gyaɗa ta ƙare a nan. Duk wanda ya rasa wurin kwanciya ka kawo shi.” Mutum biyu ne suka ji wannan magana, Bobboyi da Adda da ta kawo ruwa a tulu.

Kara ɗaya bai kai tsawon Boaz ba. Sai da aka haɗa biyu, Zipporah ta yage bakin zaninta aka ɗaure. Aka rufe shi yadda Bobboyi ya iya, ita kuma ta yi addu'arta yadda ta iya. Ya ɗaga karan zai tura cikin tudu kenan ta ce, “Baba, in na dawo da yara wata rana, yaya zan gane wurin?”

Babu dutse, babu allo, Bobboyi kuma bai san ko alif a takarda ba. Ya kalli karan da ƙyallen da ke jiki. Sai ya maƙale shi a hammata ya nufi gida. Mutane suka dare masa hanya kamar ya ɗauko wuta.

Daga ranar duk baƙon da ya rasu, Musulmi ko Kirista, gonar ake kai shi. Gudawa ta ɗebi yara, gajiya ta ɗebi tsofaffi. Bobboyi yana jera su layi-layi daga tsamiya zuwa gabas, kowane kara ya ɗaura masa ƙyalle daga tufafin mai shi, ya soke a rufin madafar Adda bi da bi yadda suke kwance. Madafar ya zaɓa don hayaƙi ke hana gara ci. Kafin mutane su fara komawa garuruwansu, karare sun kai talatin da ɗaya.

Adda kuwa ba ta taɓa yafe masa ba. Ba ta kiran sunansa, Mai diga take ce masa, kuma yadda take furtawa ko zagi albarka.

“Mai diga, ni ban zo gidan nan don in riƙa tuƙa tuwo da mutum talatin a kaina ba.”

“Da ɗaya.”

“Ranar da itace ya jiƙe, wallahi da su zan hura wuta.”

“Ki fara da na Boaz, zai kai ki har miya.”

Shekara goma ana wannan. Itace ya jiƙe ya fi sau ɗari, ba ta taɓa ko ɗaya ba, sai dai in ta zo share yanar gizo-gizo ta kewaye su tana mita.

Baƙi suka koma. Malam Nuruddeen ya rasu, Bobboyi ya rufe shi da hannunsa. Duk gayya maza su tada nasu su karkaɗe riga su tafi, Bobboyi ya tsallaka tsamiya shi kaɗai ya tada talatin da ɗaya. Yana yi yana zagin garin gida-gida, da suna, har da waɗanda ba a haifa ba. Sai shekarar babbar ambaliya, ruwa ya kwana uku a kan gonar. A shekarar ne kuma bayansa ya riƙe, ya yi damina biyu a tabarma. Da ya samu ya fito da sanda, wurin ya baje sumul, ciyawa ta rufe, awaki na kiwo. Ba wanda ya sa shebur ko sau ɗaya. Ba mugunta ba ce, kawai dai ba na kowa ba ne.

Gari kuma ya riga ya iso. Yola ta yi ta miƙe ƙafa har ta taɓa Yolde Pate ta wuce, aka ja kwalta ta bi ta gefen gonar. Wata safiya Bobboyi ya tarar da turakun siminti huɗu, ɗaya a kowace kusurwa.

Aikin Alhaji Zubair ne, ɗan marigayi Nuruddeen, dillalin filaye a Jimeta. Shi wannan in ka tsaya wuri ɗaya minti goma zai yanka inda kake tsaye ya sayar. An ce ya taɓa sayar wa wani tudun yashi a tsakiyar Binuwai da rani, da damina mai fulotin ya yi ta yawo a kwalekwale yana neman kusurwarsa. Yanzu ya samu mai son gina gidan mai.

Bobboyi ya tuge turaku biyu, bayansa ya hana shi sauran, ya zauna a kan na uku yana jira. Da la'asar mota ta tsaya.

“Bappa, sannu da hutawa. Wa ya taɓa min kaya?”

“Zubairu, ka girma.”

“Alhaji dai, Bappa.”

“Ranar da aka yanke maka cibiya ni na haƙa ramin da aka binne ta. Ban ga wani Alhaji a wurin ba.”

Zubair ya yi dariyar dole. “Bappa, gonar nan ta gado ce. Baba ya ara maka ka shuka gyaɗa ne, ba mutane ba.”

“Babanka da ƙafarsa ya kwaɓa ƙasar kabarin farko. Ya ce duk wanda ya rasa wurin kwanciya in kawo shi.”

“A rubuce?”

“A gaban Adda.”

“To ni dai ban ga kabari ba, ciyawa na gani. Ko uku ne ko huɗu, sun daɗe da zama ƙasa.”

Magana ta je gaban Jauro Muktar, mai garin. Shi Jauro mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, duk wanda ya yi magana daga ƙarshe shi ke da gaskiya. Ya saurari Zubair ya ce haka ne. Ya saurari Bobboyi ya ce wannan ma haka ne. Dattawan da suka yi fatawa a gindin tsamiya rabinsu sun mutu, sauran suka ce sun tuna an rufe mutane, amma nawa ne, daga ina zuwa ina, Allah masani. Da aka matsa wa Jauro sai ya yanke: ranar Asabar safiyo zai zo ya auna. In Bobboyi ya nuna kabari a fili, inda ya nuna ya tsira. Inda bai nuna ba, ranar Litinin katafila ta shiga. Kuma ba a yarda a tone kowa ba.

“Barkama, ranka ya daɗe, in nuna ba tare da na tone ba?” in ji Bobboyi.

“Haka liman ya ce.”

“To. Allah ya kai mu.”

Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ana gobe Asabar aka yi ruwan fari, ƙasa ta yi laushi. Da safe ya shiga madafa ya ɗaga hannu, baya ya ce bai san zancen ba. Yana nan tsaye yana cizon haƙoransa uku sai Adda ta ture shi gefe, ta jawo turmi ta kifa, ta hau.

“Matsa, Mai diga. Kai za ka rikita su. Na fi ka sanin layinsu, ni nake kwana ina tashi da su.”

Ta riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya, sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Tana miƙa masa tana faɗa: wannan na tsohuwar nan mai tari, wannan na mai gyaran keke, wannan na 'yar da ta ƙi shan kunu sai da sukari. Ita da ba ta taɓa shiga maƙabarta ba, ta ɗauko dammin a ka har gindin tsamiya, ta sauke, ta tsaya a nan ta riƙe ƙugu.

Gari ya fito kaf, amma da aka ga abin da ke cikin dammin kowa ya ja baya taku goma. Bobboyi ya fara daga tsamiya yana ƙirga taku, yana kwantar da kowane kara a kan ciyawa, kai kudu ƙafa arewa. Layi huɗu. Da ya gama sai ya ja gefe. Ciyawa ce dai kamar jiya, amma yanzu kowa na ganin mutane kwance. Guda tara daga ciki ba su kai tsawon hannu ba.

Zubair ya gyara murya. “Kara dai kara ne. Ni ma zan iya zuwa gona in karyo ɗari.”

Bobboyi bai kula shi ba. Ya ɗauko wani siririn rodi ya miƙa wa safiyon, wani mutum mai gilashi da ake kira Albert. “Ɗana, zaɓi wanda ka ga dama. Soka wannan a bakin karan, a hankali.”

Albert ya zaɓi na tsakiya a layi na uku. Rodi ya shige kamar kamu uku, sai ƙwas, ya taɓa tukunya. Ya koma ɗaya bakin, ƙwas. Bobboyi ya ce ya matsa tafin hannu ɗaya gaba da karan. Rodi ya nutse shiru, babu komai. Albert ya ja tef ɗinsa ya auna tsakanin ƙwas da ƙwas, ya auna karan, ya cire gilashi ya goge ya sake aunawa.

Ya gwada na biyu, ya gwada na biyar. Zubair da kansa ya nuna masa na can ƙarshe kusa da kwalta, inda ya tabbata babu komai. Ɗan guntun kara ne mai jan ƙyalle. Albert ya durƙusa ya soka, ƙwas. Bai ma tashi ba, daga inda yake hannunsa ya kai ɗaya bakin. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya naɗe tef ɗinsa ya sa a jaka.

“Alhaji, ni fili nake aunawa. Wannan an riga an auna shi, kuma wanda ya auna ya fi ni.”

“Ba kai kaɗai ne safiyo a Adamawa ba,” in ji Zubair. Ya ce za a haɗu a kotu, ya shiga mota ya tafi.

Jauro ya buɗe baki zai ce haka ne, Bobboyi ya riga shi. Ya juyo kan jama'a, kuma wanda duk ya zaci godiya zai yi bai san shi ba.

“Kun tsaya kuna kallon Zubairu kamar shi ya baje su. Ku kuka baje su. Shekara goma kuna tara wa kakanninku ƙasa har kabarin wani ya fi ɗakinsa tsayi, waɗannan kuma ko shebur ɗaya. Ciyawa ya gani ya sayar. Da tudu ya gani, da bai kawo siminti ba. Ni na kusa, na auna kaina na sani. Yau kowane gida zai ɗauki ɗaya. Ka tada shi, ka rufe karansa a ciki, ya zama naka har jikokinka. Wanda ya ƙi, in tasa ta zo ya nemi mai haƙa masa a Jimeta.”

Wannan ta ƙarshen ce ta yi aiki, don babu mai son a haƙa masa kabari irin na birni, wanda ake yi da sauri kamar ramin shuka mangwaro. Aka ruga gida ɗauko shebur. Jauro ya ɗauki tsohuwa mai tari. Liman ya ɗauki mai gyaran keke. Albert, da ba ɗan garin ba, ya ce a bar masa mai jan ƙyalle, ya cire takalmi ya tada shi da hannunsa. Kafin la'asar tudu talatin sun tashi, kowanne da karansa a ciki.

Na Boaz ya rage. Mutum uku suka nema, Bobboyi ya hana. “Wannan na gidan Nuruddeen ne. Uban ya fara, ɗan zai ƙarasa.”

Washegari ya hau Keke Napep da kara mai tsawon mutum da rabi ya leƙo waje, har Nassarawo inda Zubair ya gina gidansa. Ya jingina shi a tsakiyar get, ya dawo.

Abin da ya faru a gidan nan, unguwa guda ta shaida. Maigadi ya ce shi gadin ɓarayi aka ɗauke shi. Direba ya ce yana da iyali. Hajiya Munirat, matar gidan, ta ce in aka karya shi ko aka ƙona shi a ƙofarta, a ranar za ta koma gidansu. Aka nemo masu kwasar shara, suka tambayi ko karan mene ne, wani maƙwabci mai son zaman lafiya ya gaya musu, suka bar baro suka gudu. Kwana shida get bai buɗu ba, mota na ciki. Alhaji da ƙaramar ƙofar baya yake fita, a karkace, yana riƙe ciki. Masu ƙari sun ce rana ɗaya sai da aka shafa masa man gyaɗa.

A na bakwai, da hantsi, Bobboyi na zaune a gindin tsamiya sai ga Zubair ya sauko daga Keke Napep cikin farar shadda, ya riƙo karan da hankici kamar zai cije shi.

“Bappa, ga kayanka. Ina zan ajiye?”

“Ka san wurin. Inda babanka ya ɓata wandonsa.”

Zubair ya kai shi ya kwantar. Ya ɗago kenan ya ga an miƙo masa shebur. Ya waiga, rabin gari na leƙe ta bayan dangaye. Ya karɓa. Kabarin Boaz kuwa ya ci ƙasar mutum biyu, kafin ya gama shaddar ta koma kalar kunun kanwa. Adda ta kira Zipporah a waya daga gindin tsamiya, tana ba ta labari shebur bayan shebur, har da inda Alhaji ya zame.

Da ya tura karan cikin tudun ya share gumi ya ce, “Wannan ba ya nufin na janye. Takarda tana hannun lauya. Kuma can bakin kwalta akwai sauran wuri, babu kowa a ciki.”

“Je ka duba.”

A bakin kwalta, daidai inda turken siminti na huɗu yake, akwai sabon rami, an gyara shi tsaf, gajere. An shimfiɗa buhu a ciki, ga buta a gefe, ga sabon karan dawa kwance a baki.

“Kabarina ne,” in ji Bobboyi. “A ciki nake ƙailula yanzu, ya fi ɗaki sanyi. Ka gaya wa mai gidan man ya zo mu gaisa, ya ga wanda zai riƙa sayar da fetur a kansa.”

Zubair ya juya zai tafi. Idon Bobboyi ya taso daga hularsa ya sauka kan takalminsa, ya sake hawa a hankali.

“Zubairu, ka ƙara faɗin jiki, amma tsawon yana nan yadda na sani.”

Alhaji ya ɗan ranƙwafa, ya nufi titi.